Badamasi Ya Amsa da Bakin Surukarsa

A wani ƙauyen masunta kusa da Kirikasamma akwai wani dattijo, Badamasi, mai yawan bugun ƙirji. Kullum cewa yake, "Ko kaza ba ta yin ƙwai a gidana ban sani ba." Kajin dai ba su taɓa musa masa ba.

Wata rana masu bincike suka zo gwajin sabon maganin tsargiya, cutar da ake kwasowa a ruwan fadama. Likitar da ke jagorantarsu ta ce sai ta keɓe da kowace mace ta nemi yardarta, domin maganin haɗari ne ga mai ciki.

Badamasi ya ce, "Likita, ai na hutar da ke. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, duk sun yarda, kuma babu mai ciki."

Alhali ko mutum ɗaya bai tambaya ba. Likita tana sauri, wasu ƙauyuka na jira, sai ta karɓi maganarsa. Aka tara mata a tsakar gida, Badamasi na tsaye a kansu, ta ce, "Babu mai ciki, ko?"

Shiru. Cikinsu kuwa akwai Barira, matar ɗansa Hussaini, ɗauke da cikin fari. Ko uwar mijinta ba ta iya faɗa wa ba don kunya, balle ta furta a gaban surukinta. Ta dubi ƙwayar, ta sunkuyar da kai, ta haɗiye.

Kafin la'asar jini ya ɓalle mata. A kwalekwale aka tsallaka da ita, aka nufi asibiti a Haɗejiya. Ita ta rayu, cikin ya zube.

Dangi suna tsaye cirko-cirko, Badamasi ya ɗaga murya: "Laifinta ne! Na tambaye ta, ta ce ba ta da komai."

Matarsa Hajo, wadda ranar tana kasuwar Kafin Hausa, ta saki salati. "Malam, ka ji tsoron Allah! Yarinyar da ko ruwa ba ta sha a gabanka? Da wane bakin ka tambaye ta, da wane bakin ta amsa?"

Hussaini ya juyo a firgice. "Baba, ashe ba ka tambaye ta ba?"

Badamasi ya kawar da kai.

Darasin a fili yake: yarda ta mai jiki ce, maigida ba ya bayar da ita a madadin kowa. Mai bincike kuma ya tambayi mutum shi kaɗai, a inda zai iya cewa a'a, domin shirun kunya ba amincewa ba ne.