Dokar Karya Ƙaya

An yi wata Kurciya mai haƙuri da ke zaune a kan bishiyar aduwa tare da sauran tsuntsaye. Sarkinsu Hankaka ne, mai ji da kansa, wanda in ya yi magana ba ya son a ce masa kanzil. A gindin bishiyar kuwa kullum akwai wani Muzuru a kwance, sai dai ya ɗaga kai ya haɗiyi yawu, don ƙaya ta hana shi hawa.

Wata rana ƙaya ta soki Hankaka a farin ƙirjinsa. Nan take ya tara tsuntsaye ya kafa doka.

"Kowa ya sa baki ya karya ƙayar da ke reshensa. Ba sauran suka, ba sauran yagewar fiffike, ga wurin sauka a wadace."

Kurciya, wadda 'ya'yanta biyu ko gashi ba su gama fitarwa ba, ta ce, "Ranka ya daɗe, ka faɗi abin da za mu samu. Me za mu rasa?"

"Ƙaya za mu rasa! Ko kewarta za ki yi?"

"Ni ma ta sha suka na. Amma ita ce katangarmu."

Sai ga murya daga ƙasa. "Allah ya ja zamanin sarki, wannan doka ta yi," in ji Muzuru.

Hankaka ya bubbuɗe fukafukai. "Kin ji? Har maƙiyi ya yaba."

"Yabon nan shi ya fi ba ni tsoro," in ji Kurciya. Aka yi mata dariya. Da ta ƙi karya ta reshenta, sarki ya sa aka karya mata.

Gaskiya an ji daɗi, ana ta shawagi ba mai cewa wash. Amma da hantsi ya yi, tsuntsaye suka tafi kiwo, Muzuru ya yi miƙa ya hau a tsanake. Da sheƙar sarki ya fara, don ta fi girma, sannan ya bi sauran.

Kurciya ta dawo da hatsi a bakinta, ta tarar da sheƙa wayam. Hatsin ya zube.

Hankaka, wanda shi ma bai tsira da ƙwai ko ɗaya ba, ya matso ya ce, "Na janye dokar."

Kurciya ta sauka ƙasa ta tsinci ƙaya ɗaya, ta kai reshenta ta manna, ƙayar ta faɗo. Ta sake ɗaukowa, ta sake faɗowa. Haka ta yi ta yi har rana ta faɗi.

Darasin wannan labari shi ne, kafin shugaba ya kafa doka, ya auna amfaninta da asararta, ya kuma tambayi wanda asarar za ta faɗa wa. Garin neman gira akan rasa ido, kuma janye doka ba ya dawo wa uwa da 'ya'yanta.