Tikitocin Mika'ilu da Murhun Gwaggo

Akwai wani mai awon hatsi a kasuwar Hunkuyi, sunansa Mika'ilu, a shekarun nan da aka karɓi mulkin kai. Mutum ne mai natsuwa, amma fa in aka zo zancen ƙwallo, sai dai a yi masa addu'a.

Duk wasan ƙarshe na cin kofi, ko a Zariya ko a Kaduna, da shi ake yi. Keke zuwa Zariya, in ta kama Kaduna ya hau jirgin ƙasa. Mai ƙofa zai yage tikiti ya miƙo guntun, kowa ya yar da nasa, shi kuwa ya soke a hula. A gwangwanin alewa yake tara su. Duk tikitin da ya zaro, zai gaya maka wa ya ci, wa ya ɓarar, har ruwan da aka tafka ran nan. Na shekarar 'yanci kuwa ko matarsa Atika ba ta isa ta taɓa ba.

A gidan akwai Gwaggo Uwaliya, yayar mahaifinsa, wadda ta raine shi tun yana maraya. 'Yar gidan malamai ce. A gidansu ba a barin takarda mai rubutu a ƙasa, kada a taka sunan Allah. Tsincewa ake yi a ƙone, a binne tokar. Ga ido ya yi rauni, ga shi ba ta san boko ba.

Wata damina danshi ya shiga gwangwanin. Mika'ilu ya shanya tikitocin a faifai, ya tafi kasuwar Maƙarfi. Iskar hadari ta watsa su a tsakar gida, Atika kuma tana unguwa.

Da ya dawo ya durƙusa ya gaishe da Gwaggo, sai ta ce cikin murna, "Mika'ilu, yau na ɗauke maka zunubi. Takardu ne birjik a ƙasa, kaji na takawa. Da rarrafe na tsince su, bayan nan nawa kamar zai ɓalle. Na ƙone su tas."

Ya dubi faifai, wayam. Zuciya ta taso masa, magana ta zo bakinsa. Sai idonsa ya sauka kan gwiwoyinta da suka yi buɗu-buɗu da ƙasa. Ya haɗiye.

"Sannu da aiki, Gwaggo. Allah ya ba da lada."

Ya zagaya bayan rumbu, ƙato da shi, ya yi kukansa ya share.

Atika kuwa bakinta ba ya riƙe zance, washegari ta fesa wa tsohuwa. Gwaggo ta sa aka kira shi.

"Ɗan nan, ashe dukiyarka na ƙone? Me ya hana ka faɗa mini?"

"Gwaggo, ai don Allah kika yi. Da wane baki zan yi miki faɗa?"

Ta dafa kansa tana hawaye. "Je ka. Allah ya ba ka masu haƙuri da kai ranar da ka tsufa."

Kafin kakar wannan shekarar ta shigo, Gwaggo ta rasu.

Mika'ilu ya tsufa tukuf, ido ya tafi, tunani ya fara guduwa. Ba abin da ya rage masa sai labarin wasan shekarar 'yanci. Ya ba da shi da safe, ya manta, ya sake da azahar, ya kuma bayan la'asar. Har ya koma ga Allah, ba a taɓa samun ɗa ko jika da ya ce masa, "Baba, ai mun ji wannan" ba. Sai dai su matso su ce, "To, Baba, sai aka yi yaya?"

Darasi: Magana zarar bunu ce. Kafin ka ɗaga murya kan tsohon da ya yi maka ɓarna da kyakkyawar niyya, tuna kai ma can ka nufa, kuma haƙurin da ka yi da su shi za a yi da kai. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu tsofaffi a gida.