Mutumin da ya riƙe makullin ɗakin gwajin ruwa

An yi wani mutum, shugaban ɗakin gwaji a wata ma'aikatar ruwa. Wata rana wakiliyar wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta zo ofishinsa. Ta ce sun kawo injin gwada tsabtar ruwa, kuma za su tura ma'aikaci ɗaya ya koyo sarrafa shi, in dai zai dawo ya koya wa sauran huɗun.

Ya ce, "Ni za ki tura. In na dawo, har mai shara sai ya iya."

Ta yi dariya, suka sa hannu.

Ya je, ya koyo, ya dawo da littafi mai kauri. Littafin ya shiga durowa, makullin ɗakin ya shiga aljihu.

Ya 'yan uwa, kada ku yi saurin tsine masa. Shekara ashirin da takwas yana wannan aiki ba shi da takardar jami'a, yaran da ke ƙarƙashinsa kuwa kowa da tasa. In suka iya injin, shi me ya rage masa? Tsoron nan na san shi. Da yawanmu da irin wannan tsoron muka shigo wannan majalisi.

Wata ma'aikaciyarsa takan ce, "Baba, yaushe za mu fara darasin?"

Sai ya ce, "Ke 'yar nan, gaggawar me? Wanke kwalaben tukuna."

Shekara biyu tana wanke kwalabe.

Sannan yanar ido ta fara rufe masa gani. Lambobin injin suka koma masa hazo-hazo. Da ya kira ta ya ce karanta mini, da shi ke nan. Amma ta yaya zai roƙi wadda ya hana? Sai ya riƙa rufe ƙofa, ya ɗan jima a ciki, ya fito ya rubuta ruwa lafiya lau.

Bututu ya fashe kusa da wata kwata. Ya rubuta lafiya lau. Cikin mako guda amai da gudawa suka kwantar da unguwa, aka binne yara uku.

Wakiliyar ta dawo. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce wani cikin huɗun ya kunna injin. Suka tsaya suna kallon juna. Shi da bakinsa ya faɗi gaskiya, yana kuka.

Ilimin da aka ba ka don jama'a amana ne. Ɓoye shi sata ne, ko da ba ka taɓa kuɗin kowa ba.

To wa ya ci riba? Wata ma'aikatar ruwa daban, wadda ƙungiyar ta ɗauke injin ta mayar wa. Wa ya yi asara? Uwaye uku, da matasa huɗu da aka ɓata wa shekaru, da dattijon da aka sallama, wanda yau jikarsa ke ja masa sanda. In an zuba masa ruwa, sai ya daɗe riƙe da kofin bai sha ba.

Allah ya gafarta masa. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da tsoron da ke sa bawa cin amana.