Tsarin Da Ya Tsare Labarin Mai Awon Ruwa

An ce a wata tashar jiragen ruwa ta bakin teku an yi wani shugaba, Alhaji Makau, irin mutanen nan da ko ƙuda ba ya giftawa sai da izininsu. Ya sa wata injiniya, Shamsiyya, ta zana masa tsarin kwamfuta mai tattara labarin jirage: wanne ya iso, me ya ɗauko, ina zai tsaya, nawa ne zurfin ruwa. Wata uku da fara aiki da shi, sai jirgin taki ya kafe a yashi. Mai awon ruwa ya shigar da gargaɗi tun da safe, amma bai kai ga matuƙi ba. Makau ya rantse yau Shamsiyya za ta bar aiki.

Ya fita gaɓa yana huci. Wani tsohon zalɓe, wanda ya riga tashar zuwa wurin, ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka kore ta, ji labarin Sarkin Jirgi Gwadabe."

"Faɗi, amma ka taƙaita."

Zalɓe ya ce, "Gwadabe ya kafa doka a koginsa: duk abin da mai kwalekwale ya gani, kada ya gaya wa kowa, ya kawo masa shi ya rarraba. Rannan wani ya hangi dorina. Ya wuce kwalekwale shida bakinsa gum, ya je ya tarar Gwadabe na wanka. Kafin ya fito, dorina ta kifar da 'yan kasuwa. Gwadabe ya ce a ɗaure mutumin. Sai gwaggonsa Ladingo ta ce, 'Kai Gwadabe, zauna ka ji abin da ya sami tururuwa.

"'Ka san in sun haɗu a hanya sukan haɗa kai, wannan ta ba wannan labari. Sarauniyarsu ta ji haushi ana sanin abu kafin ita, ta hana. Ran da ruwa ya karyo, wadda ta gani ta ratsa 'yan'uwanta dubu ba ta ce uffan ba. Ta iso fada ruwa na biye da ita. Sarauniya na kan tsinke tana ihun wa ya cuce ta. Kai fa, ɗan nan, wa ya cuce ka?'

"Gwadabe ya kwance mutumin da hannunsa. To kai, ranka ya daɗe, ina gargaɗin nan ya tsaya?"

Makau ya juya. Ya koma ofis ya ciro zanen farko. Ga layi nan Shamsiyya ta ja daga mai awon ruwa kai tsaye zuwa matuƙa, ga shi an soke shi da jan biro, an rubuta, "Sai ta ofishina." Rubutunsa ne. Da safen kuwa yana wurin taro, wayarsa a kashe. Kunya ta rufe shi.

Ya sauka ɗakin injiniyoyi, ya tarar tana haɗa kayanta.

"Ajiye su, 'yata," ya ce, kowa na ji. "Ni na kafar da jirgin nan. Ki mayar da layin."

Ta ce a hankali, "Yallaɓai, sau biyu na roƙe ka kada a cire shi."

Makau ya sunkuyar da kai. "Sau uku ne. Na ukun ban bari kin zauna ba ma."