Mutumin da Ya Gyara wa Ubansa Ɗaki

Akwai wani mutum da yake zaune a birni tare da matarsa Tabita da 'ya'yansu uku. Ma'aikacin ofis ne, amma Allah ya yi masa baiwar hannu. In ƙafar kujera ta karye shi yake ɗaure ta, in famfo ya yi yoyo ba ya kiran kowa. Ubansa kuwa yana can ƙauye. Tsohon manomi ne, matarsa ta riga shi rasuwa, ƙarfinsa ya ƙare, yanar ido kuma ta soma rufe masa idanu.

Wata rana tsohon ya aiko da saƙo ta bakin wani ɗan garinsu, ya ce, "Ka faɗa wa ɗana gidan nan ya yi mini girma. Ina so in zo in ƙarasa kwanakina kusa da shi."

Mutumin ya yi murna ƙwarai. To, akwai wani ɗaki a bayan gidansa inda suke jibge komatsai. Bangon ya tsage, silin ya ruɓe saboda yoyo, ba a taɓa ja masa wuta ba. Ya shiga ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya ce a ransa, "Tsohon nan ya sayar da shanun nomansa ya sa ni makaranta, ni kuwa ba na taka ƙauye sai Kirsimeti, wata shekarar ma ba na zuwa. Ba zan kwantar da shi a nan haka ba. Da hannuna zan gyara ɗakin nan. Ba magini, ba mai gyaran wuta, domin ya sani ɗansa bai manta ba." Sai ya mayar da amsa, ya ce a gaya wa Baba ya ba shi wata biyu.

Ya kama aiki. Kowace Asabar tun da sassafe yana kan tsani. Ya cire ruɓaɓɓen silin, ya sauya kwanon da yake yoyo, ya kwaɓa siminti da yashi ya yi wa bangon filasta. Da filastar ta bushe ya shafa tafin hannunsa a kai, ya ji wani wuri ya yi tudu, sai ya kankare ya sake. Ya shafa shuɗin fenti. Da rana ta shigo ta taga ya ga shuɗin ya yi duhu, ya saye fari ya rufe shi. Wata biyu suka zama shida.

Ana nan sai ya tuna tsoho zai bukaci fanka, zai kuma bukaci makunni kusa da gado don kada ya riƙa lalube. Ya ɗauki guduma ya farfasa bangon da ya gama fentawa, domin ya binne bututun da waya za ta bi.

Tabita ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙurar, ta ce, "Maigida, ga ɗakin yara. Mu mayar da su falo, Baba ya zo ya zauna, kai kuma ka ci gaba da aikinka a hankali."

Ya ce, "Uban nawa zan kai ɗakin da yara suka zazzana wa bango da gawayi? Ki bari in gama."

Saƙo na biyu ya zo daga ƙauye, gajere ne. Tsohon ya ce, "Tabarma ta ishe ni." Mutumin ya yi dariya, ya ce ai haka tsofaffi suke, ya koma kan tsaninsa.

Ran nan da Asabar, wajen azahar, yana sama yana zura waya cikin bututu, sai ya ji ana gafara a ƙofar gida da wata murya da ya sani tun yana goye. Ya sauko da sauri. Ga ubansa tsaye, sanda a hannu ɗaya, ƙunshin kaya a ɗaya hannun. Direban motar kasuwa ne ya sauke shi ya wuce. Tabita ta durƙusa ta gaishe shi, ta karɓi ƙunshin, ta kawo ruwa. Jikokin suka kewaye shi, yana shafa kawunansu yana tambayar wane ne wane.

Da ya huta ya ce a kai shi ɗakin da ake ta ba shi labari. Ɗansa ya riƙe masa hannu, suna tsallake bokitai da buhunan siminti. Tsohon ya miƙa hannu ya shafa bangon, ya ce, "Wannan ne? Ai ya yi."

Mutumin ya ce, "Bai yi ba, Baba. Wayoyi duk a waje suke, ƙasa ba tayil, ko ƙwai ban sa ba."

Tsohon ya ce, "Ɗana, ni da ba na bambance fari da shuɗi, me zan yi da ƙwan lantarki? Muryarku nake so in riƙa ji."

Amma kunya ta riga ta kama mutumin, gama ba haka ya so ubansa ya tarar da ɗakin ba. Ya ce a yi wa Baba shimfiɗa a falo zuwa Litinin. A kwana biyun nan bai zauna ba. Ko ranar Lahadi, da suka dawo daga sujada, ya tuɓe rigar ado ya koma aiki. Tsohon ya sa aka ajiye masa benci a ƙofar ɗakin, ya zauna yana jin ƙarar guduma. Can ya ce, "Ka sauko mana mu yi hira."

Mutumin ya amsa daga sama, "Bari in ƙarasa wannan layin, Baba."

Ranar Litinin ya kai shi tasha. Tabita ta bi su har bakin titi tana roƙon mijinta da ido, bai dube ta ba. Ya sama wa tsohon kujerar gaba, ya ce, "Mako uku kawai. Ni da kaina zan zo in ɗauke ka, ka shiga ɗakinka kamar sarki."

Tsohon ya riƙe wuyan hannunsa, ya daɗe bai saki ba. Sa'an nan ya ce, "To. Allah ya kai mu."

Mako uku suka zama bakwai, domin layin tayil ɗaya ya karkace, ya ɓamɓare ya sake. A ƙarshe dai ya ɗaura fanka, ya sa ƙwai, ya danna makunni. Haske ya cika ɗakin, fanka ta juya, labule ya kaɗa. Ya kira Tabita ta gani, ya ce ranar Asabar zai tafi ƙauye.

Ranar Alhamis aka aiko masa cewa tsohon ya rasu. Zazzaɓi ne na kwana uku, cikin ruwan Agusta.

Bayan an binne shi, wata tsohuwa maƙwabciyarsa, wadda take kai masa tuwo, ta ja mutumin gefe ta nuna masa ƙunshin kayan nan a gindin gado. Ta ce, "Tun da ya dawo daga wurinku bai kwance shi ba. Riga ɗaya yake sawa, in na wanke ya jira ta bushe. Ya ce kada ka zo ka same shi bai shirya ba. In ya ji ƙarar mota sai ya ce in leƙa."

 Mutumin ya koma birni, ya kulle ɗakin, ya sa makullin a aljihu. Tun daga ranar bai ƙara ɗaukar guduma ba. Famfo ya yi ta ɗiga, ƙofar kicin ta ɓalle, bai duba ba. Tabita ta ce a bar babban ɗansu ya riƙa kwana a ɗakin, ya ƙi. Wani lokaci in ya dawo daga ofis sai ya buɗe ya shiga, ya zauna a bakin gadon da ba wanda ya taɓa kwanciya a kai. Wata rana ta same shi a nan, ta ce, "Maigida, ai don ƙauna ka yi."

Ya ce, "Ya zo har ƙofata, Tabita. Ni na kai shi tasha."



To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Ɗakin nan zuciyarka ce. Tsohon da ya aiko yana so ya zo ya zauna, shi ne Ubangiji. Mutumin kuwa ba mugu ba ne, abin da ya sa labarinsa yake ba ni tsoro ke nan. Bai ce wa ubansa kada ya zo ba, cewa ya yi ya dakata. Ya so ya biya alherin da aka yi masa da aikin hannunsa, ya ƙi a same shi a tsage, a ruɓe, ba haske. Haka da yawa a cikinmu suke. Wani ya ce sai ya bar shan giya tukuna zai dawo sujada. Wata ta ce sai zafin ranta ya huce a kan 'yar'uwarta kafin ta iya buɗe baki ta yi addu'a. Kana kankarewa kana sakewa, in ka toshe wannan tsaga wata ta buɗe, shekaru suna tafiya. Wanda kake yi wa gyaran ya riga ya san yadda ɗakin yake, kuma a hakan ya nemi shigowa.

Wani zai ce, ai Ubangiji ba ya mutuwa kamar tsohon nan. Gaskiya ne. Kai ne kake mutuwa. Mako ukun da kake alkawarta masa ba a hannunka suke ba, kuma akwai ranar da za a daina aiko maka da saƙo.

Ku kuma da kuke da tsoho ko tsohuwa a ƙauye, kada ku ce misali ne kawai na ruhaniya, ku wuce. In akwai wanda yake jiran ku gama gini, ko ku sami ƙarin girma, ko yara su gama makaranta, ku sani shi kwanakinsa yake ƙirgawa. Da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take. Wanda yake da wurin da zai je, ya je a makon nan.