Garin Nikel a Ɗakin Girkin Liyatu

Akwai wani mutum a wani gari da ke gindin duwatsu, ana ce da shi Malam Kefas. Malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, ilimi kuwa yana da shi, ba mai raina masa. Aibinsa ɗaya ne: iliminsa a jikin allo yake zaune. In aka tashi daga makaranta, nan yake barinsa tare da alli.

Kowace shekara yakan koya wa ɗalibansa darasin wani ƙarfe da ake kira nikel. Yakan ɗaga kwalba mai ruwa kore shar, ya ɗiga wani sinadari a ciki, ruwan ya koma shuɗi, yara su saki baki. Sai ya yi ɗigo a tsakiyar allo, ya kewaye shi da waɗansu ɗigogi, ya ce, "Wannan na tsakiya shi ne ƙwayar nikel. Ita ba ta sāke ba. Waɗanda suka riƙe ta ne suka sāke, shi ya sa launi ya juya." Daga nan ya rubuta sunan ƙwayar tsakiyar da Turanci, ya sa su yi ta maimaitawa, gama takan fito a jarrabawa. Su haddace, kowa ya kama gabansa.

A wata damina ruwa ya yi yawa, rufin ɗakin ajiyar makaranta ya yi yoyo, danshi ya shiga gwangwanin garin nikel. Kefas ya ji ba zai iya barin kayan su lalace ba, ya kai gwangwanin gida. Da ya ga rana ta ƙi fitowa, ya juye garin a faranti, ya ajiye a jikin kurfotin gawayi cikin ɗakin girki, inda ɗumi yake.

Matarsa Liyatu ta ce, "Malam, wannan tokar fa, me ta zo yi wajen girkina?"

Ya ce, "Kayan makaranta ne. Ƙarfe ne kawai, ba ya cizo. Bar shi ya bushe."

Ruwa yana feshi ta taga, sai Liyatu ta rufe taga, ta ja ƙofa, ta hura gawayi, ta ɗora wake. Wake kuwa ba ya nuna da wuri, ta daɗe a ciki. Da ta fito kanta yana sara, jiri yana ɗibarta, zuciyarta tana tashi. Kefas ya ba ta maganin ciwon kai, ya ce gajiya ce. Kashegari ta tashi garau, ta share tsakar gida, ta ce ta warke.

A ranar kuwa darasin babban aji ya kawo shi kan nikel. Ya yi ɗigonsa na tsakiya yadda ya saba, ya kewaye shi da ɗigo huɗu, ya ce, "Waɗannan huɗu muguwar iska ce, irin wadda gawayi yake fitarwa a rufaffen ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta sami garin nikel mai ɗumi ta riƙe shi, ƙarfen yakan tashi ya bi iska, ya zama dafi. Wanda ya shaƙa, da fari kansa zai yi ciwo, ya ji jiri. Bayan haka ya ji kamar ya warke. Sa'an nan..."

Alli ya tsaya a hannunsa. Ya tuna farantin da ya ajiye a ɗakin girki, ya tuna rufaffiyar taga.

Wata ɗaliba ta ce, "Sa'an nan me, Malam?"

Ya fita a guje, ya bar ajin a buɗe.

Ya iske Liyatu tana wanki tana hira da maƙwabciya ta kan katanga. Ya kama hannunta, ya ce, "Tashi mu tafi asibiti yanzu."

"Asibiti kuma? Ba na ce maka na warke ba?"

"Warkewar nan ce take ba ni tsoro. Liyatu, don Allah tashi."

Tun da suka yi aure ba ta taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskarsa ba. Ta ɗauraye hannu, ta bi shi. Likita ya saurari bayaninsa, ya daina murmushi, ya ce a ba ta gado. Kafin yamma tari ya soma. Kashegari ƙirjinta ya riƙe, tana jan numfashi kamar mai hawan dutse da tulu a kai. Kefas ya zauna a gefen gado, duk sa'ad da numfashin ya tsaya kaɗan sai ya ji ransa zai fita. Addu'a ma ta ƙi haɗuwa a bakinsa, sai dai ya ce, "Ya Ubangiji, na sani. Na daɗe da sani. Ka yi mata jinƙai."

Ubangiji ya yi jinƙai, Liyatu ta rayu, amma numfashinta bai dawo duka ba. Dā ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Yanzu a benci take zama, ta kama baiti, ta tsaya a tsakiya tana neman iska, mata su ƙarasa ba ita. Kefas yana ji daga layin maza, ya sunkuyar da kai.

To, ga ma'anar wannan misali. Ƙwayar da ke tsakiya zuciyarka ce. Waɗanda suka kewaye ta kuwa su ne abokanka, da abin da kake saurara, da abin da kake kallo, da abin da ka bari ya saba da kai. Zuciya ɗaya ce, amma abin da ya riƙe ta shi ne yake mai da ita albarka ko dafi. Ƙarfe ba ya zaɓen wanda zai riƙe shi, kai kuwa Allah ya ba ka zaɓi. Mugun abu ba ya zuwa da wari don ka gudu. Yakan shigo shiru, ya ɗan dame ka da fari, sa'an nan ka ji sakayau, ka ce ai ba kome. Wannan "ba kome" ɗin shi ne abin tsoro.

Kada kuwa wani ya ce, "Ni na san wannan." Kefas ma ya sani, har da Turanci. Da yawa cikinmu muna haddace Maganar Allah ran Lahadi, mu faɗe ta tiryan-tiryan a gaban malami, mu bar ta a bakin ƙofar majami'a. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in ka koma gida yau, duba abin da ka ajiye kusa da wuta. Ku lura, Kefas ne ya ajiye farantin, amma ba shi ne ya shaƙa ba.