Safa Biyu a Ƙafa Ɗaya

Kujerar askin tana nan, madubin ma yana nan. Mai su ne babu. Ni ƙanwarsa ce, amma zan ba ku labarin kamar na wani, don in iya kai shi ƙarshe.

Akwai wani mai aski, mutum mai sanyin hali, da aka gano yana da sankarar jini. Likita ta ɗora shi a kan wata ƙwaya da ake sha kullum, irin wadda ke bin cutar kai tsaye ta hana ta yaɗuwa. Allah Ya sa ta karɓe shi. Ya murmure, ya koma shago.

Tun ranar farko likitar ta ja masa kunne. Ta ce maganin yana aiki, amma a jikin wasu yakan ƙuntata jijiyoyin jini. "In ƙafa na ciwo idan kana tafiya, ko ta yi sanyi, ko ƙirji ya ɗaure, ka faɗa min. Sai mu rage shi ko mu canza." Matarsa na wurin, ta riƙe maganar.

Mai askin yana da yaya da ake kira Lauya. Bai taɓa leƙa ajin shari'a ba, bakinsa ne ya jawo masa sunan. Tunda da motarsa ake zuwa asibiti, shi ke shiga gaba, shi ke hakimcewa a kujerar da aka ajiye wa mara lafiya, shi ke amsa tambaya. Dangi kaf sun ji daga bakinsa cewa shi ya nemo maganin, shi ya warkar da ƙaninsa.

Ana nan sai matar ta lura mijinta ya fito da sabuwar ɗabi'a. In sun fita tare, ba ya nisa sai ya tsaya gaban wani shago yana kallon kaya.

"Me za ka yi da tayar keke, kai da ba ka da keke?"

"Kallo nake yi."

Ashe sha-raɓarsa ce ke ɗaurewa, sai ya huta take saki. Daga baya ta ga yana sa safa biyu a ƙafar hagu, ana tsananin zafi. Ta taɓa ƙafar, sanyi ƙalau kamar an ciro ta daga randa.

Ta tari Lauya a mota, ranar komawa asibiti. "Yaya, yau a gaya wa likita maganar ƙafar nan."

Ya kwashe da dariya. "To, Likita Babba! Mutumin da ke wuni a tsaye yana aske ƙeyar mutane, ƙafarsa ba za ta yi ciwo ba? Mun kayar da sankara, sai safa ce za ta ba mu tsoro?" Ya juya ga ƙanin. "Kai kuma ka buɗe baki a canza maka maganin da na sha wahala na samo, ka ga yadda za mu ƙare."

Mai aski bai taɓa musu da yayansa ba tun suna yara. Ya ce, "Shi ke nan, Yaya."

Da suka isa asibiti, Lauya ya bar ta a benci, wai ɗakin likita ya yi kaɗan. Ta bakin ƙofa ta ji likita ta tambaya ko akwai wani ciwo, ta kuma ji muryar da ta amsa.

"Garau yake, likita. Kamar doki."

Sakamakon jini ya fito da kyau. Lauya ya ɗauki hoton takardar ya tura wa dangi, da hotonsa a gefe.

Matar ta yi ta roƙon mijin su koma asibiti su kaɗai, yana cewa a bari sai wata mai zuwa, kada Yaya ya ji haushi. Watan bai zo ba. Yana tsakiyar yi wa wani aski ya dafe ƙirji ya sulale. A asibiti aka ce jijiyar zuciya ce ta toshe. Sankarar kuwa tana kwance inda magani ya kwantar da ita.

Wajen ta'aziyya Lauya ya samu taro, abin da ya fi so a duniya. Ya gyara murya ya fara bayanin yadda cutar ta dawo a ɓoye duk da ƙoƙarinsa.

Matar ta fito daga ɗaki, ta ajiye masa safa biyu a kan gwiwa.

"Yaya, kai ka saba amsa masa tambaya. Mutanen nan suna tambayar me ya kashe shi. Amsa musu."

Ya buɗe baki, ya rufe. Tun da aka haife shi ba a taɓa ganin haka ba.

Darasi: Wanda ciwo ke jikinsa shi zai yi wa likita bayani, ba mai mota ba, ba mai baki ba. In naka yana shan irin wannan magani, kada ya daina da kansa, kuma kada ya ɓoye ciwon ƙafa, sanyinta ko nauyin ƙirji don gudun ɓacin ran wani. Ku tura wa duk gidan da ke da mara lafiya, musamman gidan da ke da nasu Lauyan.

Ku taya ni da addu'a: Allah Ya jiƙan mai aski, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa haƙuri. Amin.